Ƙananan bawo masu faɗin shekarun dutse

Duwatsun da ke kusa da garin Gubbio a Italiya asalinsu laka ce ta ƙarƙashin teku. Cikinsu cike yake da bawon wasu halittu da ake kira foraminifera, yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Kowane zamani da irin nasa, shi ya sa masana ke fere dutsen su duba da madubin ƙara girma, su gane wane shimfiɗi ya girmi wane.

Akwai wani siririn layin yumɓu a wurin, kaurinsa kamar santimita ɗaya. Ƙarƙashinsa bawon manya ne iri-iri, samansa kuwa sai 'yan mitsi-mitsi. Layin ya kai shekara miliyan 66, daidai lokacin ƙarewar dabbobin zamanin da da ake kira dainoso. A 1980, bayan nazarin wannan layi, masana kimiyya Walter Alvarez da mahaifinsa Luis suka danganta wannan halaka da faɗowar ƙaton dutse daga sararin samaniya.