Bayan Tiyata, Saura Aikin Tukunya

A ƙasar Augie da sauran garuruwan da ke bakin gulbin Rima, idan likita ya ce sai an yi wa mutum aiki, gida duka ne ke tashi tsaye. A sayar da buhun shinkafa ko akuya, a ranto abin da za a ranto, a ɗauki mara lafiya zuwa Babban Asibitin Argungu. In abin ya fi ƙarfin nan, a wuce Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, wani lokaci ma har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ran da aka fito da shi daga ɗakin tiyata yana numfashi, sai kowa ya yi ajiyar zuciya, a gode wa Allah, a ɗauka magana ta ƙare.

Alhali kuwa rabin aikin ne aka gama. Likita ya yanka ya ɗinke, amma zaren da ya sa riƙe bakin rauni kawai yake yi na ɗan lokaci. Jikin majiyyaci ne zai toho da sabon nama ya haɗe wurin, ya mayar da jinin da aka zubar, ya kuma yaƙi ƙwayoyin cuta. Duk kayan wannan aiki daga abinci suke fitowa. Abin takaici shi ne, a daidai lokacin da jiki ya fi bukatarsu, kuɗi sun ƙare a asibiti, majiyyaci ya dawo gida sai koko da safe, tuwo da miya tsululu da dare.

Masana sun daɗe da gane haɗarin haka. A shekarar 1936 wani likitan Amurka mai suna Hiram Studley ya duba waɗanda aka yi wa tiyatar gyambon ciki, ya tarar cewa cikin waɗanda suka rame ƙwarai kafin aikin, wato suka zubar da fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsu, mutum ɗaya cikin uku ya mutu. Cikin waɗanda ba su rame haka ba, waɗanda suka mutu ba su kai 4 cikin 100 ba. A shekarar 2018 kuma an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi kan majiyyata fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, wanda ya nuna cewa yawancin mace-macen sukan faru ne a kwanakin da ke biyo bayan tiyata. A waɗannan kwanaki, mai jinya da mai girki suna da hannu a cikin warkewa kamar yadda nas take da shi.

A nan kusa da mu ma akwai misali. Asibitin Yara Masu Ciwon Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana gyara fuskokin yaran da wannan mugun ciwo ya cinye wa baki da kumatu, kuma tun 2014 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa take taimakawa a wurin. Yaron da aka kawo a rame, sai an ciyar da shi ya murmure tukuna kafin a sa masa wuƙa, domin likitocin sun san ramammen jiki ba ya riƙe ɗinki.

Kwanakin farko a asibiti

Dokar farko ita ce, kada a ba majiyyaci komai ta baki sai likita ko nas sun ce a ba shi. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda aka yi wa aiki a hanji, kamar yaran da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji. Tausayi kan sa uwa ko kaka ta ɓoye ɗan kofin fura a ƙarƙashin mayafi ta ba yaro da dare don yana kukan yunwa. Wannan tausayi yana iya jawo amai da kumburin ciki, har a sake komawa ɗakin tiyata.

Sai dai kuma an bar tsohuwar al'adar barin mutum kwana da kwanaki ba ci ba sha. Tun shekarun 1990 wani likitan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa majiyyacin da aka fara ba abinci da wuri, aka kuma tashe shi ya ɗan taka, ya fi saurin barin asibiti. Yanzu matar da ta haihu ta hanyar tiyata ba tare da wata matsala ba, sau da yawa a ranar ko washegari ake ce mata ta fara kurɓar ruwa da koko. Saboda haka a tambayi ma'aikatan kai tsaye: yaushe zai fara sha, yaushe zai fara ci, mene ne kuma aka hana shi? Idan an ba da izini, a fara da ruwa mai tsabta, sa'an nan koko ko kunu, sa'an nan romon kifi ko na kaza, a bi da abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini.

Shinkafa kaɗai ba ta gina nama

Allah ya albarkaci fadamar Kabi da shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na gwamnatin tarayya a 2015, a Argungu kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Shinkafa da gero da dawa suna ba da ƙarfi, majiyyaci kuwa yana bukatar ƙarfi. Amma abin da ke gina sabon nama shi ne sinadarin da ake kira furotin, kuma kaɗan ne a cikin hatsi.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Lafiyayyen mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin wajen giram 50 a yini. Bayan babbar tiyata bukatarsa takan hau zuwa giram 70 ko 90. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa giram 4 ne kacal a cikinsa. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, kofin nono wajen 8, kofin dafaffen wake wajen 13, yankan kifi mai girman tafin hannu kuma wajen 20. Mai karatu ya ga ke nan, ko majiyyaci ya ƙoshi da tuwon shinkafa safe da yamma, jikinsa yana nan da yunwar abin gini. In bai samu a kwano ba, sai jiki ya koma yana cin naman cinyarsa da damtsensa, shi ya sa za ka ga mutum ya yi wata guda da sallama amma tashi daga tabarma yana gagararsa.

Abin farin ciki, ba sai an je kanti ba. Gulbin da ake ɗaga giwan ruwa daga cikinsa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, shi ne ke ba mu tarwaɗa da karfasa da kurungu a sauran watanni. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa a zuba a miya sun fi araha, kuma ba su gaza manya amfani ba. Ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga awara, ga daddawa, ga ƙwan zabi da damina. Majiyyacin da ya sha kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai biyu da safe, ya ci shinkafa da wake da yankan kifi da rana, ya sha nono da la'asar, ya ci tuwo da miyar da ta ji busasshen kifi da dare, ya cika ma'auninsa na yini. Masunci ko mai kiwon kaji da ke da majiyyaci a gida, ya ware na tukunya kafin ya kai saura kasuwa.

Camfin da ke hana warkewa

A gidaje da yawa akan ce mai rauni kada ya ci ƙwai, ko kifi, ko gyaɗa, wai suna sa ciwo ya yi mugunya. Wasu kuma su hana kuɓewa, wai yauƙinta zai hana ɗinki kamawa. Babu gaskiya a cikin wannan. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, suna shiga ta hannu mara tsabta, ko ƙazamin tsumma, ko ruwan da ya jiƙa bandeji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa a Afirka, har mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa tiyatar haihuwa rauninta kan harbu. Hana irin wannan mata ƙwai da kifi raunana ta yake yi a gaban cutar. Wanda kawai za a hana wani abinci shi ne wanda tun da can in ya ci yakan yi masa borin jini ko ƙaiƙayi, ko wanda likita ya hana da bakinsa.

Maijego tana da nata batun. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga jini. Matar da aka yi wa tiyata, musamman idan hawan jini ne ya kai ta, a bar ta da kunun gyaɗa ko na tsamiya, kada kuma a watsa wa ɗinkinta tafasasshen ruwa. Ita tana warkar da rauni, tana kuma shayar da jariri, don haka kwanonta ya kamata ya fi na kowa a gidan.

Ganye, 'ya'yan itace da ruwa

Jiki ba ya iya saƙa zaren da ke haɗe rauni sai da bitamin C. Matuƙan jiragen ruwan Turai na dā, waɗanda kan yi watanni a teku ba ɗanyen abu, dasashinsu kan yi jini, har tsofaffin tabonsu su sake buɗewa. A 1747 likita James Lind ya gwada magunguna iri-iri kan matuƙa 12, waɗanda aka ba lemo su suka warke. Mu kuwa muna da abin da ya fi lemo, wato garin 'ya'yan kuka, wanda bitamin C ɗinsa ya ninka na lemo sau da dama. A jiƙa shi a ruwa mai tsabta ko a dama da nono. Gwaba, gwanda, mangwaro, tumatir da tattasai duk suna da shi. A sani dai, doguwar dahuwa da zuba kanwa a miya suna kashe shi.

Wanda ya zubar da jini kuma yana bukatar sinadarin ƙarfe. Hanta ta fi kowa, sai jan nama da kifi, sa'an nan wake, zogale da alayyaho. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir abinci ne na ƙwarai ga majiyyaci. Shayi yana hana jiki ɗaukar wannan sinadari, don haka a raba shi da lokacin cin abinci. In an rubuta ƙwayoyin ƙarin jini, a shanye su har ƙarshe.

Ruwa ma abinci ne a nan. Da bazara zafin Kabi kan wuce digiri 40, ga magungunan kashe zafin ciwo suna taurara bayan gida. Wanda aka yi wa aikin ƙaba, gwaiwa ko basir, nishi a masai yana takura ɗinkinsa. Ruwa da ganye da gwanda su ne maganin wannan. Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari, kamar a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi, akan umarce su su sha ruwa da yawa domin robar fitsari kada ta toshe. Ruwan gulbi ko na rijiya, a tafasa shi. Nonon da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, gara a bar shi.

Akwai waɗanda wannan shawara ba ta hau kansu kai tsaye ba. Mai ciwon suga ya nisanci lemon kwalba da kunu mai zaƙi, domin suga in ya hau rauni ba ya warkewa da wuri. Mai ciwon ƙoda ko hanta kada ya ƙara nama, wake ko ruwa sai da faɗar likita. Kowa da kowa kuma ya ajiye taba da giya da burkutu, haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Idan zazzaɓi ya taso, ko rauni ya yi ja yana wari yana fitar da ruwa, ko ciki ya kumbura ana amai, abinci ba zai magance wannan ba, a koma asibiti a ranar.

Rabon ikilisiya

Gaishe da marasa lafiya aikinmu ne, kuma Zumuntar Mata ba ta wasa da shi. Sai dai a duba abin da ake riƙowa. Sau da yawa za ka ga kwalaben lemo da burodi sun taru a gefen gado, ba abin gina jiki ko ɗaya. Kuɗin kwalba biyu ko uku za su sayi ƙwai, ko wake, ko ƙullin busasshen kifi. Gaisuwa kuma takan yi yawa a makon farko, ta ɗauke bayan sallama, alhali rauni yana ɗaukar wajen mako shida kafin ya yi ƙwari, na ƙashi ma ya fi haka. Da kowace ikilisiya za ta raba kwanaki, gida kaza ya kai miyar kifi ran Litinin, gida kaza ya kai wake ran Laraba, har mako shida, da gwauraye da matalautan cikinmu sun tashi da wuri.

Haka nan dattawa su gaya wa majiyyata a fili cewa azumi ba ya kansu, ko a lokacin azumin kwana arba'in ne. Mu tuna, sa'ad da Ubangijinmu ya tashi 'yar Yayirus, abin da ya umarci iyayenta shi ne su ba ta abinci. Maigida kuma, yayin da kake lissafin kuɗin asibiti da na mota, ka ware na cefanen wata guda da rabi a ciki. In kwano ɗaya ake ci, a zuba wa majiyyaci nasa daban, a tabbatar yankan kifin ya kai bakinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya, ya sa wa hannun likitocinmu albarka. Amin.