Hayaƙin Murhu Da Kuɗin Gwamnati: Ina Rabon Matan Basawa?

Yau filin namu zai leƙa madafa ne, watau wurin da uwargida ta fi daɗewa a cikin gida, domin akwai wata magana da manyan duniya ke ta taro a kanta, alhali kuwa ƙarshenta a gindin murhunki yake.

Ke da ke zaune a Basawa, ko Samaru, ko Sabon Gari, kin san yadda ake ciki. Ƙullin itacen da da can yakan kai ki kwana biyu, yanzu da ƙyar ya dafa tuwon dare. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, gas kuma sai mai hali. Saboda haka sai a koma ga kara da gawayi da ɗanyen itace, ki yi ta hura wuta ido na hawaye, goyo a baya yana tari.

To, wannan hayaƙi ɓarna biyu yake yi. Ta farko a jikinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kimanin miliyan 3.2 ne suka rasu saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki take, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarta. Ɓarna ta biyu a sararin sama take. Duk abin da aka ƙona, itace ne ko fetur ko gawayi, yana fitar da wata iska da ake kira kabon. Idan ta taru a sama sai ta zama kamar bargo, ta tare zafin rana ta hana shi fita. Itatuwa ke zuƙe ta, ga shi kuwa su muke sarewa ba mu dasa wasu. Wannan shi ne abin da kike ji a rediyo ana kira ɗumamar yanayi, mai sa damina ta rikice wa maigida a gona.

Gaskiya ne ƙasashe masu manyan masana'antu, irin su Sin da Amurka, su ne kan gaba wajen fitar da wannan iska, namu kaɗan ne. Amma Nijeriya ma ta ɗauki alkawari. A taron duniya da aka yi a Gilasgo ta ƙasar Birtaniya cikin watan Nuwamba 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce kafin shekarar 2060 iskar da ƙasarmu ke fitarwa ba za ta wuce wadda ake iya zuƙewa ba. A cikin watan ne kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisa ta ƙasa da asusu na musamman domin wannan aiki. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta, da nufin raba mata da hayaƙi.

Kuɗi fa? An sa su. A Disamba 2017 Gwamnatin Tarayya ta ci bashin Naira biliyan 10.69 domin ayyuka irin su dashen itatuwa da wutar hasken rana. A 2021 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 700 na shirin ACReSAL, na gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Jihar Kaduna tana ciki.

Sai dai ki tuna da abin da ya faru a 2014. A wannan shekara gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta amince da Naira biliyan 9.2 domin sayo murhu 750,000 masu tsimin makamashi a raba wa matan karkara. Aikin ya ƙare cikin gardama, bai kai inda aka nufa ba. Tambayi maƙwabtanki ki ji ko akwai wadda ta taɓa ganin irin murhun nan. Abin da za mu koya shi ne, kuɗin da aka ambata a Abuja ba ya zama murhu a tsakar gida sai masu haƙƙi sun bi sawu.

Bin sawu kuwa ba ya bukatar digiri. Idan kuna da ƙungiyar mata ko adashi, ku nemi izinin mazajenku ku tura wakilai wurin kansila da ofishin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, ku tambaya me aka tanada domin murhu da dashen itatuwa, kuma ina ake rubuta suna. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a ƙofar gidanku, wadda tushenta ya faro tun 1922, ga kuma sashen malaman gona na Jami'ar Ahmadu Bello. Neman shawara a wurinsu ba abin kunya ba ne.

Kafin gwamnati ta iso, akwai abin da ke hannunki. Ki shanya itace ya bushe sosai, domin ɗanye shi ke kawo hayaƙi. Ki kewaye murhun duwatsu uku da laka, ki bar ƙofa ɗaya, wuta za ta tsaya a gindin tukunya maimakon iska ta kwashe ta. Ki jiƙa wake tun da dare, ki riƙa rufe tukunya. Shinkafa in ta tafasa sosai, ana iya sauke ta a naɗe tukunyar da tsohon bargo a cikin kwando, za ta ƙarasa da zafinta. Lokacin hunturu kuma, don Allah kada ki shigar da kaskon gawayi ɗaki ki rufe ƙofa, iskarsa ba ta da wari amma tana kisa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku. Ku karanta musu abin da jarida ta ce game da kasafin kuɗi, ku rubuta musu takardar koke idan sun bukata. Da faɗuwar damina kowace ta dasa zogale ko darbejiya a gida, ta kula da shi har ya kama. Ke ce za ki gaji madafar nan gobe, kuma yadda kika same ta ya danganta da abin da aka yi yau.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana lafiyar iyali. Sai mun sake saduwa a wannan fili.