Kabewar Bayan Ɗaki: Ƙudan Zuma ko Hannun Mai Shuka?

A gidajen Daura, daga unguwannin da ke kusa da rijiyar Kusugu har ƙauyukan Sandamu da Zango, da wuya damina ta sauka ba a jefa ƙwayar kabewa a gindin danga ba. Ta yi yaɗo, ta haye katanga, ganye kore shar. Sai cikin Agusta uwargida ta ga 'ya'ya sun fito kamar ƙwan zabo, kwana uku sun yi rawaya, sun yanƙwane, sun zube. Wani ya ce baki ne, wani ya ce a ƙara taki. Yuriya kuwa in ta yi yawa, ganye kawai take ƙarawa.

Sau da yawa matsalar a fure take. Kabewa fure iri biyu take yi: namiji mai siririn wuya, da mace mai ɗan ƙullutu a gindi. Ƙullutun ba zai zama kabewa ba sai garin nan rawaya na cikin namijin ya shiga macen. Garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa yadda take ɗaukar na gero. Kuma furen safiya ɗaya gare shi: ya buɗe da asuba, kafin azahar ya rufe ke nan.

Asali aikin ƙudan zuma ne, kuma babu mai yi kamarsu. Suna zaga kowane fure sau da yawa, har wanda ya ɓuya a kan rufin ɗaki, kabewar ta fito a cike, ba karkatacciya ba. Sai dai ba a hannunka suke ba. In an wayi gari da ruwa, ba sa fita. In maƙwabci ya yi wa wakensa feshi da hantsi, sun mutu ko sun ƙaurace. Itatuwan da ake rataya amya ma sai raguwa suke yi, abin da ke damuna ƙwarai.

Hannu kuwa yana wurinka. Bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, ka tsinko namijin da ya buɗe, ka fige masa ganyen furen, ka goga tsinken a tsakiyar macen a hankali har ka ga rawayan ya manne. Namiji ɗaya ya ishi mata biyu ko uku. Masu dabino sun daɗe da sanin irin wannan aiki. Wahalarsa ita ce kullum ne. Safiyar da ka makara, furen ranar ya tafi. Kada kuma a ruɗe a makon farko, don maza ne ke riga fitowa.

Mai gona guda ta kabewa dole ya dogara da ƙudan zuma. Amma mai gindi uku a bayan ɗaki, wanda miyar taushe yake nema, ni hannu zan ce ya kama, tun da damina a Daura gajeriya ce, ba ta jira. Feshi kuma, in ya zama dole, a bari sai dab da magariba, lokacin da furanni suka rufe.