Fenti Mai Shanye Wari: Gaskiya Ne Ko Romon Baka?

Duk wanda ya taɓa kulle ɗakinsa a Sokode cikin watan Agusta ya yi tafiyar mako biyu, ya san abin da ke tarbarsa a bakin ƙofa ranar da ya dawo. Wani bashi ne mai nauyi da ke kama tufafi da katifa, wanda turaren wuta ba ya korarsa, sai dai su gauraya su zama wani abu na uku. A Dapango kuwa, inda ruwan sama bai kai na Sokode ba, warin daban ne: zafin Maris da Afrilu ya dafa rufin kwano, ga buhun daddawa da bandar kifi a lungu, ga babur an shigo da shi ya kwana saboda ɓarayi.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa a kan wani nau'in fenti da kamfanoni ke cewa yana shanye warin ɗaki. Ya daɗe a kasuwannin Turai da Asiya da Amurka, kuma mun san abin da ya shiga kwantena ya sauka tashar jiragen ruwa ta Lome, ba ya daɗewa bai hau babbar hanyar da ta ratsa Sokode da Kara da Mango da Dapango zuwa Sinkase ba. Kafin mutum ya zuba jarinsa a ciki, gara ya san abin da zai saya, kada a yi cinikin biri a sama.

Da farko dai ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Kamfanin Asian Paints na Indiya ya fitar da Royale Atmos, Nippon Paint ya fitar da Odour-less AirCare, haka shi ma Sherwin-Williams na Amurka ya yi wani mai suna Harmony. Wasu suna zuba garin gawayi na musamman a ciki, wanda aka gasa har ya yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani, irin wanda ake sa wa a matatar ruwan sha. Giram ɗaya na wannan gawayi, idan da za a shimfiɗe cikin ramukansa, zai haura murabba'in mita 500. A cikin ramukan nan ne iska mai wari ke maƙalewa. Wasu kuma sinadari suke sa wa wanda ke kama gubar da ake kira fomaldehaid, wadda ke fita daga gam ɗin da ake manne garin katako da shi. Ita ce ke sa ido yaji idan an shiga ɗakin amarya da aka jera wa sabon gado da durowa, kuma tun a shekarar 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da ke haddasa cutar.

To amma mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, bangonsa murabba'in mita 48 ne, a cire ƙofa da taga. Lita ɗaya kan shafe kamar mita 10, saboda haka shafa biyu za ta ci wajen lita 9. Idan ya bushe, kaurin abin da ya rage a bango bai wuce na takarda ba. Gawayi nawa ne zai samu wurin zama a cikin wannan? Kuma soso ne, idan ya ƙoshi ya ƙoshi, ba a cire shi a matse. Shi kansa Sherwin-Williams ya bayyana a takardunsa cewa daɗewar aikin fentin ya danganta ne da yawan warin, da yadda yake yawan zuwa, da kuma faɗin bangon da aka shafa. Ma'ana, ɗakin kwanan da ake buɗe wa taga zai iya ganin amfani, amma shagon da ake sauke buhunan bandar kifi duk ranar kasuwa, ƙarnin ne zai ci fentin, ba fentin ne zai ci ƙarnin ba.

Akwai wani nau'in da ke aiki da haske, wanda aka gina a kan binciken wasu masana biyu na Japan, Fujishima da Honda, da aka buga a 1972. Wannan ba ya ƙoshi, sai dai yana buƙatar haske sosai. Mu kuwa mun san ɗakunan hayar zangonninmu: taga ɗaya ƙarama, ita ma an rufe ta da labule mai kauri.

Inda ɗan kasuwa zai fi shiga rigima da mai saye shi ne wajen karanta jikin bokiti, domin rubuce-rubucen suna kama da juna alhali ba abu ɗaya suke nufi ba. Idan an rubuta "sans odeur" da Faransanci, ana nufin shi fentin ne ba ya wari lokacin shafawa, ba wai zai kashe warin ɗaki ba. Mai ikirarin tsabtace iska shi ake rubuta wa "dépolluante" ko "anti-odeur". Alamar nan ta A+ da ake gani a kayan Faransa, wadda doka ta fara wajabtawa a can a 2012, tana nuna ƙarancin gubar da fentin ke fitarwa ne kawai. Akwai kuma wanda turare aka zuba masa, ƙamshin ya yi 'yan kwanaki ya gudu. Duk wanda ya sayar da ɗaya da sunan ɗaya, to ya saurari dawowar mai gida, kuma a kasuwa irin ta Sinkase, inda mutanen Togo da Gana da Burkina ke cuɗanya, labarin wanda ya cuci mutum kan riga motar kaya tsallaka iyaka.

Shi kuwa bashin damina na Sokode, ba daga iska yake ba, daga cikin bango yake. Ruwa na sauka a garin tun daga Afrilu har Oktoba, bulo yana tsotsar laima daga ƙasa, ko indararo ya tsage ruwa ya riƙa bin bango, sai fumfuna ta tsiro a bayan durowa. Kowane irin fenti aka shafa a kan wannan, asarar kuɗi ce. Na mai ma ya fi muni, domin yana toshe laimar a ciki, ya kumbura ya yi ta ɓarewa. Sai an gyara yoyon, an kankare bangon, an bar shi ya sha iskar hunturu. Sabon siminti ma yana son kamar mako huɗu kafin a shafe shi, abin da masu gaggawar biki ko gyaran gida na jajiberin Salla ba sa son ji.

A nan ne muke ganin an raina farar ƙasa ba bisa haƙƙi ba. Irin wadda ake samu daga gasasshen dutse tana da kaifin da fumfuna ba ta iya rayuwa a kanta, kuma tana barin bango ya yi numfashi. Aibinta shi ne tana goge wa mutum riga, kaifin nata kuma yana raguwa, sai an sabunta. Amma kuɗin bokiti ɗaya na fentin waje zai shafe ɗaki da ita sau da yawa.

Abu biyu ne suka fi wari haɗari, kuma dukansu hanci ba ya jin su. Na farko dalma, wadda har yanzu ake samu a wasu fentin mai, musamman rawaya da ja. Amurka ta haramta ta a fentin gida tun 1978, kuma ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400. Ta fenti a hankali take shiga, ta hanyar ƙura da ɓawon da yaro mai rarrafe ke kaiwa baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mai sarin fenti ya nemi wanda aka rubuta wa "sans plomb", ya kuma tambayi dilansa na Lome takardar shaida.

Na biyu shi ne iskar da garwashi ke fitarwa idan an shigo da kurfoti ɗaki an kulle ƙofa cikin sanyin Disamba da Janairu, kamar yadda ake yi a Dapango da Mango. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci, kuma babu fentin da aka taɓa yi wanda ke shanye ta.