Tyneham: gundumar da ta shekara 70 a takarda babu kowa a cikinta

A kudancin Ingila, cikin yankin Dorset, akwai wani kwari da tuddai biyu suka sa a tsakiya. Na arewa na farin dutsen alli ne, na kudu kuwa shi ya tare kwarin daga teku. A nan ƙauyen Tyneham yake, tafiyar kamar mil ɗaya zuwa gaɓar Worbarrow, inda masuntan wurin suke ajiye jiragensu a da.

Tsohon wuri ne ƙwarai. Sunansa yana cikin kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086, kuma iyalin Bond ne suka riƙe ƙasar tun 1683.

A tsarin Ingila, mataki mafi ƙanƙanta na mulki shi ne gundumar ƙauye, wadda suke kira farish. Asalinta yankin coci guda ne, shi ke kula da talakawa da gyaran hanya. Dokar 1894 ce ta raba aikin coci da na mulki, ta ba ƙauyuka majalisunsu. Tyneham ma gunduma ce mai iyakarta.

To, a Nuwamban 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai ga takarda daga hukumar soja: kowa ya tashi kafin 19 ga Disamba, za a yi atisayen harbi a wurin. Mutum 225 suka kwashe kayansu cikin sanyin hunturu, da fahimtar cewa in yaƙi ya ƙare za su dawo. Har takarda suka liƙa a ƙofar coci suna roƙon sojoji su kula musu da gidajen. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma ina! A 1948 gwamnati ta sayi filin ala tilas, ya zama ɓangaren filin harbi na Lulworth har yau.

Abin mamakin shi ne gundumar ba ta mutu tare da ƙauyen ba. A 1974 aka sake fasalin ƙananan hukumomi, ta faɗa ƙarƙashin hukumar Purbeck, alhali ba mai zaɓe, ba mai biyan haraji. Sai a 2014 aka soke ta, aka haɗa ta da maƙwabciyarta Steeple. A ganina wannan jinkirin ya fi komai ciwo: sunan yana nan a taswira, masu sunan kuwa suna ta tsufa suna rasuwa a garuruwan wasu.

Yanzu akan buɗe hanyar a yawancin ƙarshen mako, in ba a harbi. An gyara cocin da makarantar, wadda tun 1932 aka rufe ta, sun zama wurin baje tarihi. Gidajen kam ba rufi, sai bango da hotunan waɗanda suka zauna a ciki.