Daɓen Laminet: Darasin Da Damina Ta Koya Mini

A 'yan shekarun nan, duk wanda ke shiga gidajen 'yan'uwanmu a zangunan Kumasi zai lura cewa ledar ɗaki ta fara ba da wuri ga wani sabon daɓe mai kama da katako, wanda 'yan kasuwa ke kira laminet. Ni ma na shiga sahun masu sha'awarsa, kuma na yi asarar da ba na so wani ɗan'uwa ya maimaita.

A shekarar 2021 na tara abin da ya sawwaƙa daga albashina na koyarwa, na sayi mafi araha da na samu a wani kanti, na kira kafinta ya shimfiɗa mini a falo cikin yini guda, ana tsakar hunturu. Kowa ya shigo sai ya yaba. Amma da ruwan watan Yuni ya kankama, sai tsakiyar falon ta taso kamar kunyar doya, bakunan allunan suka kumbura. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ai dama an ce araha ba ta ado." Ban ce uffan ba, don kuwa gaskiya ta faɗa.

Da farko ya kamata mu san cewa laminet ba katako ba ne tsantsa. Garin itace ne aka gauraya da gam aka matse da inji ya zama allo, aka manna masa takarda mai hoton katako, sannan aka lulluɓe da wata fata mai tauri da ke hana ƙarcewa. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977, aka riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Ƙasashen da aka fara yi dominsu ba su da laima irin ta Kumasi, inda muke da damina biyu a shekara. Garin itace kuwa in ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake har abada.

Saboda haka tambayar farko ita ce, shin ɗakin ya dace? Kada a sa shi a banɗaki, ko madafa, ko inda ake alwala. Wanda kuma gidansa ke kwari inda ambaliya ke shiga, ya haƙura ya sa tayil. Domin gwada daɓen siminti, a manne leda faɗin taku biyu a ƙasa, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta kwana biyu. In an ɗaga an ga raɓa ko simintin ya yi duhu, to ƙasan na fitar da laima. Sabon siminti kuwa yana bukatar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe sosai.

Wajen saye, a duba abu biyu a jikin kwali. Na ɗaya kauri: akwai mai milimita 7, da 8, da 10, da 12, kuma kada a yi ƙasa da 8 a falo. Na biyu alamar jure taku, wadda ake rubutawa AC da lamba. AC3 ya isa ɗakin kwana, amma gidan da yara da baƙi ke shige da fice, AC4 ya fi. A tabbatar kuma duk kwalayen lambar bugu ɗaya gare su, domin launi kan ɗan bambanta.

Ga lissafi, tun da sana'ata ce. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi ya kama murabba'in mita 13.4. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanke-yanke, ya zama 14.7. In kwali ɗaya na rufe murabba'in mita 2, ke nan kwali 8 za a saya. Abin da ya rage a adana shi, wata rana zai yi amfani wajen gyara.

In an kawo kaya gida, kada a yi gaggawa. A kwantar da kwalayen a cikin ɗakin har awa 48 domin allunan su saba da yanayinsa. A share ƙasa tas, a aza doguwar katako miƙaƙƙiya a ga inda ya yi tudu ko rami. In bambancin ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2, a kira magini ya daidaita. Daga nan a shimfiɗa leda mai kauri, gefen wannan ya hau kan na wancan, a liƙe, sannan a ɗora siririn soson da ake sayarwa tare da allunan. Wannan ledar ce kafintana ya ce ba ta da amfani, ni kuma na yi murna na rage kuɗi.

Kuskurensa na biyu shi ne matse allunan da bango. Laminet na tsukewa da hunturu, ya buɗe da damina, don haka dole a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a kowane gefe, har da gindin ƙofa. Katakon gindin bango ne zai rufe wannan tazara. Ba a buga masa ƙusa, ba a manna shi da ƙasa. Bakunan allunan ne ke shiga cikin juna su kulle. A kuma sassaɓa mahaɗar kowane layi da na kusa da shi da aƙalla santimita 30, kamar yadda magini ke jera bulo.

Akwai wata fa'ida ga mu 'yan haya, masu biyan kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya. Tun da ba a manne yake ba, mutum na iya kwance abinsa ya tafi da shi ranar tashi, saɓanin tayil. Sai dai a sanar da mai gida tun farko, gaban shaida, don gudun rigima.

A 2022 na sake shimfiɗa falon bisa wannan ƙa'ida, kuma har yanzu lafiya lau yake. Dokar gidanmu ita ce tsintsiya mai laushi da tsumma matsattse, ba a kwara ruwa, buta kuma ba ta ƙetare bakin ƙofa. Wanda zai kira kafinta, ya tambaye shi tun kafin ciniki ko zai sa leda, da kuma tazarar da zai bari a jikin bango. Amsarsa za ta nuna maka ko ya san aikin. Allah ya sa mu dace, amin.