Daga Jakar Wasiƙunku: Shin Sayen Sikolashif Na Zuwa Rasha Ake Yi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi a ƙasar Gumel, wanda kuma yake taɓa fataucin riɗi a kasuwar Maigatari. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce ɗansa yana aji biyu a Jami'ar Ibadan, ya nemi karatun lauya bai samu ba, aka ba shi harshen Rasha. Yanzu ga wani mutum ya zo masa da takardu masu hatimi, wai zai samo wa yaron sikolashif na zuwa Mosko, amma sai an ba da kuɗin da in ba shanun huɗarsa biyu ya sayar ba, ba shi da hanyarsu. Yana tambaya, shin akwai wannan tallafi da gaske? Sayensa ake yi? Kuma me yaron zai ci da wannan yare in ya gama?

To Alhaji, mun gode, Allah ya bar zumunci. Kafin mu yi nisa, kada ka kai shanun nan kara. Tallafin akwai shi, amma ba na sayarwa ba ne, kuma ba a bi ta hannun dillali.

Ga yadda abin yake. Gwamnatin Rasha takan ware gurabe kowace shekara domin ɗaliban ƙasashen waje su yi karatu ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. A da gurbi 15,000 ne a shekara, aka yi ta ƙarawa har ya kai 30,000 daga shekarar 2023. Amma fa ka lura, wannan na duniya ne baki ɗaya, kowace ƙasa da nata kason, Nijeriya da nata, Nijar da nata, haka Kamaru da Gana. Hukumar da ke kula da rabon sunanta Rossotrudnichestvo, in harshenka ya sarƙe wajen faɗa kada ka damu, mu ma a ɗakin watsa shiri sai mun ja numfashi. Yaro da kansa yake cika takardar nema a shafin intanet na hukuma mai suna Education in Russia, ko sisin kwabo ba a biya, sannan a tantance ta hannun ofishin jakadancin Rasha da ke Abuja. Abin da ake dubawa shi ne makin yaro da takardunsa, wani lokaci har da jarrabawa ko ganawa.

Akwai kuma wata ƙofar ta gasa, wadda wasu manyan jami'o'in Rasha suka haɗu suka buɗe tun 2017, ana ce mata Open Doors. Ita ma ta intanet ake shiga, kyauta, wanda ya yi zarra a ba shi gurbi. Ta fi amfani ga wanda ya gama digirin farko yana neman na biyu, saboda haka ɗanka ya sa ta a rai tun yanzu.

Sai dai inda iyaye da yawa suke faɗawa rami shi ne kalmar nan "kyauta". Abin da aka ɗauke maka kuɗin makaranta ne. Ana ba yaro ɗaki a gidan kwanan ɗalibai a kan farashi mai rahusa, da ɗan alawus na wata wanda bai taka kara ya karya ba, ko cefanen wata ba zai yi masa ba. Kuɗin jirgi naka ne, abinci naka ne, inshorar asibiti taka ce. Ga kayan sanyi, don hunturun Mosko ba irin namu ba ne da za a hura kara a ji ɗumi, wani lokaci sanyin yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, riga da takalmi na musamman ake saye. Kuma tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairun 2022, kamfanonin Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a can, aika wa yaro kuɗi ya zama aiki ja. Wannan lissafin shi ya kamata ka zauna ka yi, da alƙalami da takarda, bayan ka ware abin da gida zai ci har kaka ta zagayo.

Wani zai ce ai gwamnatinmu ita ke cike wannan giɓi. Da haka ne. Akwai yarjejeniyar musayar ɗalibai da ake kira BEA, a ƙarƙashin hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya, Rasha ta ɗauki kuɗin makaranta, Nijeriya ta ɗauki alawus. A 2024 aka rage alawus ɗin daga dala 500 zuwa dala 220 a wata, ɗalibai suka yi ta kukan watannin da ba a biya ba, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar dakatar da tura sababbin ɗalibai. Saboda haka in mutumin nan naka ya ce ta wannan hanya zai shigar da yaro, ka san inda maganarsa ta dosa.

Ɗanka yana da wata dama da sauran yara ba su da ita. Wanda bai iya Rashanci ba, sai ya fara shekara guda cur a ajin share fage, yana koyon baƙaƙensu 33 da nahawun da suna ɗaya yake juyawa gida shida. Naka ya riga ya sha wannan wahala a Ibadan. Sannan al'adar masu digirin harshen waje ita ce su yi shekara ta uku inda ake magana da harshen. Masu Faransanci suna da ƙauyensu a Badagiri, masu Larabci aka kafa musu nasu a Ngala ta jihar Barno, masu Rashanci kuwa ba su da irin wannan a gida, shi ya sa ido yake komawa Rasha, musamman Cibiyar Pushkin da ke Mosko, wadda aikinta ke nan koyar da baƙi harshen. Wannan magana a ofishin shugaban sashensu ake yin ta. Ka ce wa yaron ya je ya tambaya da bakinsa, ya kuma nuna musu takardun mutumin nan. Haka nan ya tsaya ya riƙe makinsa, don kyautar zakaran aji ko takardar yabo daga malami tana da nauyi in an zo tantancewa. In ya samu hali ya zauna jarrabawar ƙwarewa a harshen, wadda ake kira TORFL, matakinta na ɗaya shi ne jami'o'in can suka saba nema.

Tun da mun ambaci Pushkin, bari in ɗan ratse. Shi ne babban mawaƙinsu, an haife shi a 1799, kuma kakan mahaifiyarsa baƙar fata ne, Abram Gannibal, wanda aka kai wa Sarki Bitrus Babba yana yaro. An daɗe ana cewa mutumin Habasha ne, amma wani masani ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjar cewa daga Logone-Birni yake, a arewacin Kamaru, kusa da Tafkin Chadi. Ka ga ashe ma maƙwabci ne. Su ma can suna karanta namu, tun 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko, dattawa kuma ba su manta da sashen Hausa na Rediyo Mosko ba.

Batun me zai ci da shi kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba. Rashanci yana cikin harsuna shida na aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai aikin tafinta, da koyarwa, da ma'aikatar harkokin waje, da kamfanoni masu hulɗa da can. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta karɓi kwangilar kamfanin ƙarafa na Ajakuta a 1979, masu jin harshen sun yi kasuwa. Yau guraben ba su da yawa. A ganina harshen shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da wata sana'a. In yaron ya gama, ya nemi digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasashe, ko ciniki, ko fassara, a nan ne yaren zai zame masa jari.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba, har da ku masu 'ya'ya mata. Ba duk tallan "karatu da aiki a Rasha" ne karatu ba. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton 'yan mata 'yan Afirka da aka ɗauka ta wani shiri mai suna Alabuga Start, suka tsinci kansu suna harhaɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa a yankin Tatarstan. An kuma sha jin labarin samarin Afirka da suka sa hannu a takardar da ba su karanta ba, ashe ta shiga soja ce. Ɗanka dai yana karanta harshen, to kada ya sa hannu a komai sai ya bi shi layi-layi. Bizarsa ta zama ta ɗalibi, da sunan jami'ar a jiki.

Abin da za ka kashe wa kuɗi yanzu kaɗan ne. A yi masa fasfo, a tabbata yana da sauran aƙalla wata 18 daga ranar da biza za ta fara aiki. Ya karɓo sakamakonsa daga jami'a, da takardar likita, har da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, don ba a ba da bizar karatu sai da ita. Akan buɗe rajista tun wajen ƙarshen shekara, karatu kuma ya fara ranar 1 ga Satumba, saboda haka kaka ita ce lokacin shiri. Shi kuwa mai hatimi, in ya dawo, ka ce ya rubuta maka sunan jami'ar da lambar takardar gayyatar, za ku kai Abuja a duba.

Sauran wasiƙun da suka shafi takin zamani suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana.